Yadda muka yi asarar kuɗin situdiyo a Dablin

Har yau in na tuna kuɗin da muka zuba a wani situdiyo a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, sai raina ya ɓaci. Mu huɗu ne: ni da kalanguna, mai goge irin na mutanen Ailan, wata baiwar Allah mai buga bodhrán, gangarsu ta fatar akuya, sai wani dattijo mai uilleann pipes, algaitar da ba a busa ta da baki, zugazugi ake matsa mata da gwiwar hannu. Mun daɗe muna haɗuwa a zaman kiɗa a Ennis, cikin lardin Clare, har hannunmu ya zo ɗaya. Ba mu ne farau ba, tun 1995 ƙungiyar makaɗa ta Afro Celt Sound System suke haɗa kiɗan Ailan da na Afirka ta Yamma. Namu dai ɗan faifai muke so.

Muna shiga injiniyan ya raba mu, kowa da ɗakinsa, ya toshe mana kunne da tik-tik ɗin kwamfuta mai ƙidaya bugun kiɗa. Ya ce ni zan fara, tunda a waƙoƙin zamani ganga ake fara ɗauka, a ɗora sauran a kai. A nan aikin ya lalace. A kiɗan mutanen nan, mai goge da mai algaita ne a gaba, makaɗi bin su yake yi. Sukan juya kiɗa ɗaya sau biyu ko uku, sai dattijon ya ɗaga gira ko ya ce "hup", a faɗa wani ba tare da an tsaya ba. To ni da ke kulle ni kaɗai, girar wa zan gani? Na faɗa wa injiniyan haka, ya ce in kwantar da hankalina, zai gyara komai a kwamfuta.

Da aka kunna mana, babu kuskure ko ɗaya, amma kiɗan lami, kamar tuwo ba miya. Dattijon ya saurara shiru, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ba mu ba ne."

Muka sake ɗauka a kicin ɗin mai gogen, makirfo biyu, muna kallon juna. Sanyi da laimar ƙasar sun saki fatar kalanguna, sai da na gasa shi kusa da hita, ita kuwa mai bodhrán ruwa take shafa wa tata saboda zafin hitar ya sa ta yi tauri. Ana jin takun ƙafar dattijon a daɓe da ƙarar zugazuginsa, muka bar su a ciki. Jig, kiɗan rawarsu mai bugu shida, ya zauna wa kalangu daram, wani kiɗan rawar da suke kira reel ne ya fi ba ni aiki. Ai faya-fayen da Michael Coleman, shahararren mai gogen Ailan, ya ɗauka a New York a shekarun 1920, waɗanda masu goge ke koyo da su har gobe, a zama ɗaya aka yi su.

Duk makaɗin da zai shiga irin wannan haɗaka, kafin ya biya ko sisi ya tambayi mai situdiyo ko yana da ɗakin da zai ɗauke su gaba ɗaya, kuma ko zai yarda ya kashe tik-tik. In ya fara kame-kame, a nemi wani. Mu dai mun nemi ko rabin kuɗinmu ne a mayar mana, aka ce yini ya riga ya tafi.