Abin da ƙwallon ƙarfe ya koya mini kan filin lantarki

Ƙa'idar da ake fara ba ɗalibin fiziks kan ƙarfin filin lantarki, wato ƙarfin turi ko ja da caji ke yi wa wani caji a kewayensa, gajera ce: E = kQ/r². E shi ne ƙarfin filin, Q yawan caji, r nisanka daga gare shi, k kuwa lamba ce da ba ta sauyawa, kusan 9 × 10⁹. Tushenta dokar da Coulomb, masanin nan na Faransa, ya fitar a 1785. Haddace ta ba wuya. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne gane inda ƙaramar 2 ɗin nan da ke kan r ta samo asali.

Ɗauki cajin da bai fi ɗigo ba, mai maikurokulom 1 (kulom ma'aunin caji ne, maikurokulom kuwa kashi ɗaya cikin miliyan na kulom). A nisan mita 1, ƙarfin filinsa niyuton 9,000 ne a kan kowane kulom (niyuton ma'aunin ƙarfin turi ko ja ne). Ja da baya zuwa mita 2, sai ka tarar da 2,250, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Me ya sa ba rabi ba? Sai da na zauna na zana layukan nan da Faraday, masanin Ingila, ya ƙirƙiro don nuna filin, suna fita daga cajin ta kowace fuska, sannan abin ya zauna mini a kai. Yawan layukan bai canzawa, amma fatar ƙwallon da za ka ƙaddara ya kewaye cajin, wadda suke ratsawa, tana faɗaɗa, domin faɗinta 4πr² ne. Kamar gwangwanin fenti guda ne aka ce ka shafe bangon da ya ninka na farko sau huɗu, dole shafin ya yi siriri. Dokar Gauss ma, wadda ake koyarwa kan filin lantarki, duk da kwarjinin alamominta, maganar da take yi ke nan.

Daga nan sai batun ƙwallon ƙarfe ya zo da sauƙi. In aka ɗora masa caji, cajin ba ya zama a ciki, yana ture juna har ya bazu a fata. Wanda ke waje ba zai iya bambanta shi da ɗigon caji da ke zaune a cibiyar ƙwallon ba, shi ya sa ake auna r daga cibiya, ba daga fata ba. Nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki a jarrabawa. A cikin ƙwallon kuwa filin sifili ne ko'ina, har a wurin da ke dab da fata. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, don hankali zai ce cajin da ke kusa ya kamata ya rinjayi. To amma na can ɗaya gefen ya fi yawa, kuma yawansa ya rama nisansa daidai wa daida. Da a ce lambar nan ba 2 cif ba ce, da ramuwar ba ta cika ba. Da wannan hujjar ce Cavendish, wani masanin Ingila, ya gwada dokar tun kafin Coulomb ya wallafa nasa aikin.

Ƙwallon da ba na ƙarfe ba, wanda caji ya cika cikinsa bai ɗaya, halinsa daban: filin yana tashi daga sifili a cibiya, ya kai ƙololuwa a fata, sannan ya fara sauka.

Lissafin da na fi so na yi wa kaina shi ne na iyakar abin da ƙwallo zai iya riƙewa. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt miliyan 3 a kowace mita, in an wuce haka sai tartsatsi. Ƙwallon da ke da santimita 10 daga cibiya zuwa fata yana kai wa wannan iyaka da maikurokulom 3.3 kacal, alhali ƙarfin lantarkinsa ya kai bolt 300,000. Ƙaramin ƙwallo tun da wuri yake kai iyakarsa, shi ya sa ake yi wa injin Van de Graaff, mai tara caji a kan ƙwallon ƙarfe, ƙaton kai mai sulɓi, ake kuma guje wa tsini a kayan da ke ɗauke da babbar wuta.