Gyaran tsohon ramin jirgin ƙasa: aikin ruwa ne

Ramin da muka gyara na jan bulo ne, irin waɗanda aka fafe cikin tsaunukan karkarar Birtaniya a ƙarni na 19. Kusan sa'ansa shi ne ramin Bowshank na Sukotlan, a layin da aka rufe a 1969, aka sake buɗe shi daga Edinbara zuwa Tweedbank a 2015. Rami in ya yi shekaru babu jirgi, ba tsufa ke cin sa ba, ruwa ne, domin ranar da aka daina yashe magudana ranar ya fara lalacewa.

Kafin mu taɓa bango sai da masana jemagu suka gama nasu, saboda jemagu sun mayar da ramin gidansu. Doka ta kare jemagu a ƙasar, don haka aka rataya musu akwatuna a bishiyoyin kusa, aka sa wa ramin ƙofofin da za su fita ba su iya komowa.

Daga nan muka yi wa bango lamba kowace mita 10, muka hau dandamali da guduma muna ƙwanƙwasa bulo. Lafiyayyen wuri ƙara yake yi tsaf. Inda ya amsa kamar ganga, sahun bulo na waje ya rabu da na bayansa ke nan. Rufin rami, mai lanƙwasa kamar baka, sahu-sahu ake gina shi, kuma ruwa na wanke kwaɓin da ke tsakani a hankali. Kunkunniyar injinan kwal ma ta yi nata: in ta jiƙe tana zama ruwa mai tsami, ya mayar da kwaɓi gari, har ka sa yatsa ka kwaso. Bakin rami ya fi shan wuya, saboda can ƙanƙara ke kama jiƙaƙƙen bulo ta ɓare fuskarsa.

Inda sahu ya rabu, mun huda, muka soka sandunan ƙarfe marasa tsatsa, muka ɗura kwaɓi mai ruwa-ruwa da ƙaramin matsi. Aka cika matsi, bangon da ake son ɗinkewa shi za a turo. Tsakanin bulo kuwa mun ƙwaƙule kamar milimita 25, muka cike da farar ƙasa ta gini, awo 1 ga yashi awo 3. Siminti ya fi saurin kamawa, shi ya sa wasu ke son sa, amma ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya barin danshi ya fita. Wuraren da masu gyaran da can suka liƙe da siminti, simintin na nan daram, bulon kewaye ne ya ruguje.

Ruwa ba a tare shi, hanya ake ba shi. Ko inda muka fesa kankare, sai da muka shimfiɗa zirin roba mai ramuka a bayansa, ya sauko da ruwa zuwa ƙananan bututu a gindin bango, su zuba cikin magudana. Tsohuwar magudanar ta cushe da laka da jan tsatsa, muka sa sabuwa mai ramukan dubawa.

Abu mafi haɗari shi ne sauke ƙasan rami. Na'urar leza ta nuna rufi ya yi ƙasa in ana son rataya wayar jirgin lantarki nan gaba, sai a tona a shimfiɗa dogo kan kankare, wanda bai kai tsakuwar da aka saba zubawa ƙarƙashin dogo cin zurfi ba. Matsalar ita ce harsashin bangon ba shi da zurfi. Ba a tona dogon tsiri lokaci guda. Gajeren yanki muke tonawa, mu tsallake na kusa da shi, mu zuba kankare, ya yi ƙarfi, sannan mu koma kan wanda muka tsallake, masu awo na duba ko bango ya motsa.

A binciki saman tsauni kuma. Maginan farko sun haƙa rijiyoyi daga saman tsauni zuwa cikin rami don fitar da ƙasa, wasu an toshe su da katako an rufe da bulo, ba sa cikin zane. Da'irar danshi a tsakiyar rufi, wadda ba ta bushewa ko da bazara, ita ta nuna mana guda.