Mun Gode, Mutanen Jos

Assalamu alaikum. Shekaranjiya da daddare muka shigo gari daga Abuja, na ɗauko maman yara a filin jirgi, ta dawo lafiya. An sallaci yayanta a garinsu can Malesiya, an sa shi a makwancinsa kusa da mahaifinsu. Alhamdulillahi. Tun ranar Alhamis 17 ga Yuli ban san barcin da ya kai awa huɗu a jere ba sai jiya, har sallar asuba sai da aka buga mini ƙofa. Don haka in kun ga rubutun nan ya karkace, ku yi mini uzuri.

Labarin ba sai na maimaita ba, tare muka yi shi. Kun san jirgin, MH17, ya taso daga Amstadam zai sauka Kuala Lumpur, aka harbo shi a gabashin Yukren ranar 17 ga Yulin 2014 da mutum 298 a ciki, ba wanda ya fita. Arba'in da uku 'yan Malesiya ne, ɗaya daga ciki surukina, yayan maman yara, yana hanyar komawa gida ya yi Sallah da mahaifiyarsu. Wasunku a gidana suka yi buɗa-baki ran nan, ko in ce suka zauna gaban kunu da ƙosai har suka huce.

Abin da ba kowa ya gani ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Maman yara ta karɓi mutuwar, mace ce mai tawakkali. Abin da ya hana ta ci da sha shi ne inda yake kwance. Kullum talabijin na nuna gonakin alkama, da tarkace, da mutane riƙe da bindigogi, ana cewa ba a bar masu bincike su yi aikinsu yadda ya kamata ba. Sai ta juyo ta tambaye ni wa zai rufe shi, wa zai kore masa rana. Na yi karatu shekara biyar a Malesiya, ina jin yarensu daidai gwargwado, amma a ranakun nan na rasa kalma ko ɗaya.

A kwana na uku, bayan la'asar, ana yayyafi, Mama mai masa ta bakin layinmu ta yi sallama. Ta hana ni ambatonta, kuma na san za ta yi mini faɗa, amma na ɗauki faɗan. Duk wanda ke unguwar nan ya san ɗanta na cikin waɗanda bam ɗin kasuwar Taminus ta nan Jos ya rutsa da su ranar 20 ga Mayu, wata biyu kacal kafin namu, ranar da aka rasa mutum fiye da ɗari. Tun lokacin ba ta sake ɗora tanda ba, ko gidan suna ba ta shiga. Ta wuce matan da ke falo, ta shiga har ɗaki, ta zauna a ƙasa, ta jawo ƙafar matata ta ɗora a cinyarta tana matsawa. Hausar maman yara ba ta wuce ta cefane ba, Mama kuma ba ta jin komai sai Hausa. Sun fi awa guda a haka, ba wadda ta ce uffan.

Can ta ɗago ta kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka faɗa wa 'yata. Ni nawa ko takalminsa ban gani ba. Na zaga asibiti uku, na buɗe mayafi ya fi ashirin. Ka ce mata ƙasar Allah ɗaya ce, wadda ya faɗa a kai ma ta san shi. Kuma da azumi a watan nan ya tafi." Na tsaya ina neman yadda zan juya maganar, murya ta ƙi fita. Ashe ba a ma bukatata. Matata ta kifa kai a kafaɗar Mama ta yi kukan da ta riƙe kwana uku. Da aka kira magariba Mama ta fare dabino ta sa mata a baki da hannunta, abin da ni da mahaifiyata muka yi ta fama ya gagara. Daga ranar har aka yi arba'in ba ta taɓa fashin zuwa ba, ko ana tsuga ruwa. Mama, Allah ya jiƙan ɗanki, ya haskaka kabarinsa duk inda yake, ya sa shi ya tare ki a ƙofar Aljanna. Ba ni da abin da zan biya ki.

Sai Baba Liman. Mutanen Malesiya Shafi'iyya ne, a wurinsu sallar ga'ib abu ne sananne, tun washegarin ranar, Juma'a, aka yi ta a masallatai a can. Mu nan Malikiyya ba mu saba da ita ba, kuma na je wurinsa ina jan ƙafa, don na san akwai masu cewa wani abu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Annabi sallallahu alaihi wasallam ya sallaci Najashi yana Madina, gawar tana Habasha. Je ka shaida wa iyalinka, bayan azahar za mu tsaya." Sahu huɗu aka yi, a kan mutumin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa sai ni. Ɗalibansa kuma suka riƙa zuwa duk daren Juma'a suna karanta Yasin, don maman yara haka ta taso ta ga ana yi wa mamaci. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Mahaifiyata ba a gode mata a bainar jama'a, ta ce abin kunya ne. To Hajiya, ki yi haƙuri. Ke kika kwashe yaran, kika yi musu ɗinkin Sallah, kika kashe talabijin ranar da ake nuna jirgin ƙasan da ya kwashi gawarwaki daga Torez zuwa Kharkiv a Yukren. Abokin aikina da ya taso tun daga Tudun Wada ya shigo unguwarmu, a wannan zamani da kowa ya san iyakarsa a garin nan, ya cire takalmi ya zauna kan tabarma har aka shafa fatiha, ya ce sun sa mu a addu'a a cocinsu: na gani, kuma ba zan manta ba. Tsofaffin abokan karatu na Malesiya da ke Abuja da Kano, ku kuka haɗa kuɗin tikiti cikin kwana biyu ba tare da na buɗe baki ba. Mai shagon caji da ya riƙa ba mu wuta daga janaretonsa don kada wayar ta mutu muna jiran kira, Allah ya buɗa maka kasuwa.

Jiran nan ya yi tsawo. Ranar 23 ga Yuli aka fara sauke akwatuna a Eindhoven ta ƙasar Holan, aka wuce da su barikin soja a Hilversum, a can aka riƙa gwada ƙwayar halitta ana tantance kowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 22 ga Agusta Malesiya ta yi makokin ƙasa, aka sauke mutum 20 na farko lulluɓe da tuta. Ba ya ciki. Sai a wani ayari na baya aka kira surukata. Ranar da na raka maman yara Abuja, ga shingayen sojoji tun daga Jos har Keffi, ga masu auna zafin jiki saboda Ebola, duk ban damu ba. Sai da na ga ta shige, na tuna jirgi za ta hau, gwiwoyina suka sage. Direban da ya kawo mu ne ya kama ni ya zaunar a inuwa, ya ce mu yi ta salati har ya ɓace mana a sama.

Har yau wani abu na cina. An ce an rufe sararin wurin ga jiragen fasinja daga ƙafa 32,000 zuwa ƙasa, su kuma suna tafiya a 33,000. Kwana uku kafin nan an harbo wani jirgin soja a yankin. Yara 80 ne a cikin jirgin nan. Yukren na nuna Rasha da 'yan awaren da take mara wa baya, su ma suna nuno ta. Ni ba ni da kotu. Na bar wanda ya danna abin nan da wanda ya ba shi umarni da Allah, ranar da ba a musu.

Akwai waɗanda muka sa ido ba mu gani ba. Da aka kawo maman yara tana amarya daga wata duniya, motoci uku suka yi, har ana rigimar wurin kwana. Wannan karon ko saƙon waya babu, wani ma an ce cewa ya yi ai ba a nan aka yi mutuwar ba. Ita ba ta tambaya ba, ni ne dai na lura. Wataƙila akwai uzuri. Allah ya bar zumunci.

Ya Allah ka jiƙan surukina, ka sa ƙarshen wahalarsa ke nan, ka karɓi azuminsa, ka ba shi ladan shahada. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa da ta yi masa girkin Sallah a zuci. Ka ba iyalan sauran 297 haƙuri, na Holan da suka rasa kusan ɗari biyu, da na ko'ina, musamman waɗanda har yanzu ba a kira su ba. Ka jiƙan mutanenmu na Taminus. Ka kawo mana ƙarshen zubar da jini a Filato da Barno da duk inda ake yi. Duk wanda ya tako, ko ya kira, ko ya aiko da kwano, Allah ya sa kada ya ga irin wannan rana a gidansa. Amin summa amin.

Akwai kuloli uku, da tabarmi biyar, da wata babbar buta ruwan toka da aka bari a zaure, ba mu san masu su ba. A turo yara su duba. Ita kuma maman yara ta ce a ba ta kwana biyu ta huta kafin ta fara zagayen bangajiya, amma gidan Mama ta riga ta je tun jiya da hantsi, da wani mayafi da surukata ta aiko mata.