Abin da hayaƙi ke bari a cikin huhu

Babban darasin da na samu daga karatun ƙwayoyin halitta da zama a sashen masu ciwon ƙirji shi ne, kansar huhu ba ta faɗo wa mutum rana tsaka. Takan yi shekara ashirin ko talatin tana taruwa, ɓarna kan ɓarna, a cikin DNA, wato rubutun gado da ke tafiyar da aikin ƙwaya, na ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyoyin numfashi.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kamar mai kwafar littafi da hannu, kuma akwai masu bin baya suna gyara kuskure. A kan gano yadda wannan gyara ke gudana aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel a 2015. Hayaƙin taba kuwa yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa kansa. Ɗaya daga ciki, benzopyrene, jiki da kansa ne ke juya shi ya zama abin da ke manne wa DNA, har a karanta harafin G na rubutun DNA a matsayin T. Tun 1996 aka nuna cewa wuraren da ya fi mannewa a kan p53, wani sashe na DNA wanda aikinsa tsayar da ƙwayar da ta lalace ko kashe ta, su ne wuraren da ake tarar da su a gurɓace a kansar masu shan taba. Idan p53 ya tafi, ƙwaya sai ta ci gaba da rabuwa da kurakuranta, kowane kuskure na buɗe wa wani ƙofa. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa kwalin sigari ɗaya kullum na tsawon shekara yana ƙara wa kowace ƙwayar huhu kurakurai kusan 150.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar toshewar hanyoyin numfashi, wato COPD. Mai ita ya fi fuskantar kansar huhu ko da an cire lissafin tabar da ya sha, domin kumburin da ba ya warkewa shi ma yana lalata DNA, ga ƙwayoyi na ta rabuwa don cike gurbin waɗanda suka mutu.

Nan ne na fara kallon iyayenmu mata da wani ido. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta zo da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an ba ta maganin tarin fuka na wata shida ba sauƙi. Da aka tambaye ta ko tana shan taba sai ta kama baki, ta ce, "Haba ɗan nan, ni da taba?" Gaskiyarta. Amma da aka zura na'urar leƙa huhu, sai ga bangon hanyoyin numfashinta da tabo baƙi-baƙi, sakamakon shekara da shekaru a bakin murhu. Hayaƙin itace ma yana da benzopyrene. A yankin Shuwanwei na ƙasar Sin, mata da ba su taɓa shan taba ba suna cikin waɗanda kansar huhu ta fi kashewa a ƙasar, saboda kwal mai hayaƙi da suke girki da shi a ɗaki rufe. A ganina duk wanda ke duba mai tsohon tari ya kamata ya tambayi da me ake girki a gidan, kuma idan gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, kada a tsaya nan.

Maza tsofaffi masu shan taba kuma sukan ce mini, "Ai aikin gama ya gama, me bari zai yi mini yanzu?" Ina da amsa, kuma ina ba su ita da zuciya ɗaya. A 2020 masu bincike a Ingila suka duba ƙwayoyin huhu ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cewa a jikin waɗanda suka daina shan taba akwai ƙwayoyi masu yawa, a wasu har kusan kashi 40 cikin ɗari, da DNA ɗinsu ya yi kama da na wanda bai taɓa sha ba, har a cikin mutanen da suka yi shekara talatin ko arba'in suna sha. Sai na ce, "Baba, waɗanda suka lalace ba za su gyaru ba, amma akwai lafiyayyu da suka tsira, kuma sai ka daina ne suke samun sararin yaɗuwa."