Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Malam Ya Zaunar da Ni a Kwamfutar Ciki

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kai ni shagon wani amininsa a Fagge, ya ce masa, "Malam, ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai riƙe kansa da shi." A farkon 2002 ke nan. Wata uku cur aikina bai wuce shara da sayo man janareto da bugun rubutu ba. Marubuta, akasarinsu mata, kan aiko da labaransu a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ni kuma in zauna in kwafe su cikin Microsoft Word.

Kwamfuta biyu ce a shagon. Ta bakin ƙofa ita ce tawa, ta ciki kuwa ba mai taɓa ta sai Malam. A cikinta PageMaker 6.5 yake, manhajar tsara shafukan littafi, da CorelDraw na zanen bangon littafi da katin biki. Malam tsohon hannu ne, tun zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yake maɗaba'a, ya kuma yi zamanin yanka rubutu da reza a manna da gam. Shi ya sa yake son PageMaker. Wani kamfani a Amurka mai suna Aldus ne ya fito da shi a 1985, kafin Adobe ya saye kamfanin a 1994, kuma sun yi shi ne kamar teburin mai manne-manne: shafi a tsakiya, ga fili a kewaye inda za ka ajiye hoto ko guntun rubutu har sai ka samo masa gurbi.

Wata Asabar da safe wata Hajiya ta aiko direbanta, ta ce kashi na biyu na littafinta ake jira a kasuwa, 'yan sari sun dame ta. Malam ya dube ni ya ce, "Yaro, jawo kujera." Na ɗauka linzamin kwamfutar zai miƙo mini. Sai ya ƙirgo farar takarda A4 guda 12, ya ce in haɗa su in ninke biyu, in rubuta lamba a kowane shafi daga 1 har zuwa 48. Da na gama ya ce in warware su, in baje a kan tebur.

Har yau ina ganin takardun nan a idona. Fallen waje yana ɗauke da 48 a hagu, 1 a dama. Na juya bayansa, ga 2 ga 47. Na gaba 46 da 3. Malam ya ce, "Tara kowane biyu ka gani." Duk wanda na tara sai ya ba ni 49. A nan ya fahimtar da ni cewa kowane falle shafi huɗu yake haifarwa, don haka littafin da ake ɗinkewa da fil a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu. In labari ya ƙare a shafi na 45, saura uku ka nemo musu godiya ko tallan littafi mai fitowa. In kuwa ya zarce zuwa 49, ko dai ka matse shi, ko marubuciya ta biya kuɗin ƙarin falle guda a kowane kwafi. Akwai wani sashe a PageMaker, Build Booklet, da ke jera shafukan da kansa, amma Malam bai yarda na taɓa shi ba sai da na iya lissafin da hannu, kuma ina ganin gaskiyarsa har gobe.

Sai bayan azahar muka kunna kwamfutar. Na sa girman shafi A5, milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Na nemi in rage gefe don rubutu ya ci wuri, ya riƙe mini hannu. Gefen waje na babban yatsan mai karatu ne da wuƙar injin yanka, na ciki kuma ninki ne zai cinye shi. Haka muka yi a kan girman harafi. Na ce 10 zai rage mana takarda, ya ce, "Wadda za ta sayi littafin nan, sai ta sallami yara ta gama wanke-wanke za ta buɗe shi a gaban fitilar ƙwai. Sa mata 12." Ya nuna mini uwar shafi, inda za ka sa lamba da sunan littafi sau ɗaya su bayyana ko'ina. Sannan na danna Ctrl da D, na ɗauko labarin da na yi mako biyu ina bugawa, na zuba. Wani ɗan jan alama ya fito a ƙasan shafin, wato akwai sauran rubutu a ɓoye, na bi shi shafi bayan shafi har ya ɓace.

Abu biyu ya sa na haddace ranar: PageMaker kuskure ɗaya tak yake iya mayar maka baya, kuma kowane shafi ka gama ka adana, don wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Kwana huɗu na yi ina bin littafin, ina gyara layin da ya maƙale shi kaɗai a saman shafi, ina tura kowane babi sabon shafi. Ranar Laraba hodar firintarmu ta ƙare, Malam ya ba ni aikin a fulofi, ɗan faifan ajiyar bayanai na lokacin, ya ce in je wani shago a bayan layi su fitar mana a takardar tiresin. Da ita ake gasa filet, farantin da ake ɗaura wa injin bugu, kuma a juye ake fitar da rubutun, kamar ka duba shi a madubi. Na ƙirga 24 cif, na dawo ina murna.

Malam ya ɗaga ta farko saitin hasken ƙofa. Wanda ya yi shekaru yana jera dalma, rubutun da ke juye a wurinsa kamar karatun jarida ne. Ya yi shiru, sannan ya juya mini takardar ya ce, "Karanta." Inda aka rubuta ƙasa sai na ga }asa, ɗaki ya koma ]aki, ɓarawo ya zama ~arawo. Gabana ya faɗi.

A lokacin haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin galibin rubutun da ke zuwa da kwamfuta. Da Rabiat muke aiki, ɗaya daga cikin nau'o'in rubutun da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro wa Hausa, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan madannan baka da makamantansu. Kwamfutar da ba ta da shi sai ta maido da alamomin asali. Ta shagon can ba ta da shi, ni kuma ban san ana tafiya da shi ba.

Na ce, "Malam, a cire a kuɗina." Ya ce, "Wane kuɗi gare ka? Da an gasa filet an buga, da shi ne asara. Wannan takarda ce." Ya ɗauko wani fulofi, ya kwafa mini Rabiat a ciki, ya rubuta sunana a jiki da biro. Na koma shagon da yamma, na zauna na karanta kowane falle ta bayansa kafin in biya.

Bayan mako biyu na bi ta wajen masu sayar da littattafai a Bata, na hango shi a jere. Na ɗauka na buɗe tsakiyarsa, shafi na 24 da na 25 suna kallon juna, fil biyu a tsakaninsu, kowace ƙ da lanƙwasarta. Na biya kuɗina na kai wa Inna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin katin bikin da ya sa na kwana a shago.