Kofin da ke bayan ƙofa

Na sauka Delhi, babban birnin Indiya, da shirin cewa baƙar fatata ce za ta ba ni wahala. Ta ba ni kuwa, don sai da na zaga gidaje da dama kafin wani ya yarda ya ba ni haya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a shekarata ta farko a wurin aiki ba a kaina ya faru ba.

Da na kammala karatun kwamfuta na samu aiki a wani kamfani a Noida, kusa da Delhi. A ɗakin shan shayi kofuna na jere a kan kanta, sai guda ɗaya na ƙarfe a ƙasa, bayan ƙofa. Na ɗauka mantuwa aka yi. Ashe na dattijon da ke wanke mana bayi ne. Ɗan Balmiki ne, al'ummar da aka ɗora wa shara da kwasar bahaya tun kaka da kakanni. Suna cikin Dalit, mutanen da al'ada ta ajiye a ƙasan kowa, har ake ƙyamar taɓa su.

Daga ranar kunnena ya buɗe. In sabon ma'aikaci ya zo sai ka ji ana lallaɓa shi: mene ne sunan gidanku, wane gari, kana cin nama? Da can na zaci gaisuwa ce irin tamu ta "ya mutanen gida". Jati ake lalube, wato asalin da aka haifi mutum a ciki. Wani abokin zamana, gwani a aiki, ya daɗe da cire sunan zuriyarsu daga takardunsa. Wata rana muna cin abinci ya rage murya ya ce, "Bhai, in suka gane ni Dalit ne, duk abin da na iya za su ce alfarmar gwamnati ce."

Doka dai tana nan. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1950, wanda Ambedkar, shi ma Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya haramta ƙyamar taɓa mutum. Gwamnatin tarayya ta ware wa Dalit kashi 15 cikin 100 na guraben aikinta, sai dai wannan tanadi bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu irin namu ba. A 2007 masanin tattalin arziki Sukhadeo Thorat da abokin bincikensa sun aika wa kamfanoni takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban-daban, masu sunan Dalit ba su samu kira kamar masu sunan manyan jati ba.

Abin ya yi mini ciwo, ya kuma tuna mini yadda a gida wasu ke hana ɗan mahauci auren 'yarsu.

Wata safiya na zuba shayi a kofina na miƙa wa dattijon, na ce, "Chacha, bismillah." Ya dubi ƙofa, ya mayar da hannunsa baya. Ya ce, "Sahab, ina da yara." Tun daga lokacin nake ɗaukar nawa shayin in same shi a matattakalar bene, inda yake zama.