Yadda kuɗin kayan aiki yake hauhawa ga mai dafa giya a gida

Na fara dafa giya a gida ne bayan na zo aiki Ingila, kuma abin da ya ja ni shi ne arahar da kowa yake faɗa game da farawa. A ƙasar nan doka ta ba mutum damar dafa giyarsa ba tare da lasisi ba tun shekarar 1963, lokacin da Reginald Maudling yake ministan kuɗi, muddin dai ba sayarwa zai yi ba. A Amurka kuwa sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan irin wannan doka, jihohin Alabama da Mississippi ma ba su bi sahu ba sai 2013. Ni Kirista ne daga jihar Filato, na taso ina ganin mata suna dafa burukutu a duro da manyan tukwane, saboda haka aikin ba baƙo ba ne a wurina. Na san da yawa daga cikin masu karanta Hausa addininsu ya haramta musu giya, kuma ina girmama wannan matsayi. Abin da zan yi bayani a kai shi ne kuɗi da kayan aiki, da yadda sha'awar da aka fara da bokiti ɗaya take komawa ɗawainiya mai cin aljihu.

Kayan farko ba su da yawa. Bokitin roba ne mai marfi wanda yake cin lita 25, da wani ɗan bututu da ake zuba wa ruwa don iska ta fita daga bokitin ba tare da wata ta shiga ba, da mesa, da ma'aunin sukari na gilashi, sai gwangwanin ruwan tsiron sha'ir mai kauri wanda kamfani ya riga ya dafa. Mutum ya zuba ruwa, ya barbaɗa yis, ya rufe ya jira mako biyu, sai ya sami lita 23, wato kwalba arba'in da wani abu masu cin rabin lita. Duka kuɗin bai kai na cefanen mako guda a gidanmu ba, kuma a wannan mataki maganar araha gaskiya ce, babu ƙari a cikinta.

Hawan kuɗi yana farawa ne ranar da mutum ya ce yana so ya dafa daga hatsi da kansa, ya daina dogara da gwangwani. Tsiron sha'ir irin Maris Otter ya fi gwangwani araha nesa ba kusa ba, amma kafin a fitar da zaƙinsa sai an jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na tsawon awa guda, wanda hakan yake bukatar mazubi mai riƙe zafi da ma'aunin zafi mai gaskiya. Bayan an tace, sai a tafasa ruwan awa guda tare da furen hop, wanda shi yake ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma lita 23 ba ta tafasuwa a tukunyar miya, dole a sayi tukunyar silba mai cin lita talatin ko fiye. Murhun kicin ba ya iya ɗaukar nauyin wannan tukunya yadda ya kamata, sai a nemi murhun gas na waje ko tukunya mai amfani da lantarki. Idan ta gama tafasa kuma dole a sanyaya ta da sauri kafin ƙwayoyin cuta su shiga, sai a sayi naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ake tsomawa a ciki ruwan famfo yana bi ta cikinsa. Lamarin ya yi kama da na wanda ya sayi doki, wanda bai gama murna ba sai maganar sirdi da linzami da harawa ta taso. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da za a kira almubazzaranci idan an dube shi shi kaɗai, kowanne wanda ya gabace shi ne ya jawo shi.

A cikin duk abin da na saya, wanda ya fi canza ingancin giyata shi ne tsohon firij da ɗan akwatin sarrafa zafi na Inkbird. Yis abu ne mai rai, kuma irin wanda ake amfani da shi wajen giyar gargajiya ta Ingila ya fi son digiri 18 zuwa 20, na laga kuwa, wato irin giyar da ake bari ta nuna cikin sanyi, wajen digiri 10 zuwa 12. Idan ɗaki ya yi zafi da rana ya yi sanyi da dare, kamar yadda garejin gidajen nan yake yi, giya takan fito da wari mai kaifi wanda babu wata dabara da za ta gyara daga baya. Da na sa bokitin a firij, akwatin yana kunna sanyi ko ɗan na'urar ɗumama gwargwadon bukata, sai ɗanɗanon ya daidaita daga dahuwa zuwa dahuwa. Abu na biyu shi ne maganin tsabtace kaya irin Star San, wanda kuɗinsa kaɗan ne kuma kwalba ɗaya tana daɗewa. Waɗannan biyu, zafin da bai canzawa da tsafta, su ne suka fi komai tasiri, kuma abin da ya kamata a lura da shi shi ne suna cikin mafi araha.

Daga nan sai manyan na'urori masu haɗa komai wuri ɗaya, irin Grainfather na ƙasar New Zealand, da BrewZilla na Ostireliya, da Braumeister na Jamus. Tukunya ce ta silba mai lantarki da famfo da kwandon hatsi a ciki, wasu ma ana sarrafa su daga wayar hannu, kuma farashinsu yana farawa daga ɗaruruwan fam, na Jamus ɗin yana haura dubu. Na sayi ɗaya daga cikin masu matsakaicin kuɗi, kuma ina jin daɗinta ƙwarai, domin ta rage mini ɗaga tukwane masu nauyi da zafi, ta rage wanke-wanke, ta kuma ba ni damar yin wani aikin yayin da take riƙe zafin da kanta. Sai dai giyar da take fitarwa ba ta fi wadda nake samu da tsohuwar tukunya da jakar tacewa ba. Abin da ta ba ni shi ne hutu da lokaci, waɗanda suna da daraja ga mai aikin kwana, amma ya kamata mutum ya san cewa su yake saye kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wurin da na ga kuɗi ya fi zurarewa shi ne bayan giya ta nuna. Wanke kwalba arba'in, da tsabtace su, da cika su ɗaya bayan ɗaya, da matse musu marfi, aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa kusan kowa yake komawa tulun ƙarfe na Cornelius mai cin lita 19, wanda asalinsa kamfanonin lemo ne suke amfani da shi. Tulun kaɗai ba ya aiki sai da tukunyar iskar kabon, da na'urar daidaita ƙarfin iskar, da mesa da mahaɗai, da famfon zubawa, sannan firij na biyu da za a ajiye shi, tunda na farko bokiti yana ciki. Irin giyar da ake yayi ma tana ƙara wa abin wuta. Giyar da ta fi tashe a shekarun nan ita ce mai hazo da ƙamshin 'ya'yan itace, wadda ake zuba wa furen hop na Amurka irin Citra da yawa bayan ta fara tsuma. Furen nan ya fi Fuggle da Goldings na Ingila tsada, kuma irin wannan giya ba ta jure iska ko kaɗan, da zarar ta sha iska sai launinta ya dushe ƙamshin ya tafi. Wanda yake son ta dole ya bar bokiti ya koma mazubi mai jure matsin iska, ya riƙa juye giya daga mazubi zuwa tulu ba tare da ya buɗe marfi ba. Ke nan zaɓin irin giyar da mutum zai dafa shi ne yake yanke masa jerin kayan da zai saya, abin da masu talla ba su cika bayyanawa ba. Akwai kuma ƙananan kaya masu shiga a hankali: ma'aunin tsamin ruwa, da gishirin gyara ruwa don ya yi kama da na garin Burton na Ingila wanda ya shahara da giya saboda sinadaran ruwansa, da injin ɓarza hatsi, da ma'aunin sukari mai yawo a cikin mazubi yana aika lissafi zuwa waya.

A kan wannan kuma sai farashin kasuwa ya hau. Tun daga Janairun 2021, bayan Birtaniya ta gama ficewa daga tsarin kasuwar Tarayyar Turai, kayan da ake odarsu daga Jamus ko Beljiyam suka fara zuwa da takardun kwastan da ƙarin caji. A shekarar ce kuma kuɗin dakon kwantena daga Sin ya yi tashin gwauron zabi, alhali yawancin kayan silbar nan can ake ƙera su. A watan Satumba na 2021 tsadar gas ta sa masana'antun takin zamani biyu a Billingham da Ince na Ingila suka dakatar da aiki, kuma da yake su suke samar da kaso mai yawa na iskar kabon da ƙasar take amfani da ita, sai iskar ta yi ƙaranci har gwamnati ta shiga tsakani. Yaƙin Ukraine a 2022 ya ɗaga farashin hatsi da makamashi, ta yadda a watan Oktoba na shekarar ma'aunin lantarki ɗaya ya kai kusan pence 34, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na fam. Wutar dahuwa ɗaya ba wani kuɗi mai yawa ba ne, 'yan fam ne kawai, amma firij biyu masu aiki dare da rana suna bayyana a takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata.

Mai dafa burukutu a can Najeriya tana mayar da kuɗin duronta da itacenta daga ƙwaryar da take sayarwa. Mai sha'awa a nan ba shi da wannan hanya, domin sayar da ko kwalba ɗaya yana bukatar rajista da hukumar haraji da biyan harajin giya. Saboda haka duk wanda ya ce na'urarsa za ta biya kanta, yana nufin zai sha giyar da ta kai kuɗinta ne, kuma wannan lissafi ba alheri ba ne ga lafiya ko ga iyali. Ni na fi ganin daidai mutum ya ɗauki abin a matsayin nishaɗi mai kuɗi, ya yanke masa kaso a cikin albashi da sanin matarsa, ya tsaya a kan wannan kaso.

Abin da ya fi koya mini darasi shi ne lokacin da na gwada dafa giya da dawa. Ba sabon abu ba ne, domin a 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma amfani da dawa. Na sayi dawa a shagon 'yan Afirka, na jiƙa ta, na shanya ta a lulluɓe har ta tsira, na busar, na murje saiwoyin saboda suna ɗauke da guba, na ɓarza na zuba a na'urata. Na'urar ba ta yi mini amfani sosai ba, saboda dalilai biyu. Dawa ba ta da ɓawon da sha'ir yake da shi wanda yake zama matacin kansa, shi ya sa ruwa ya ƙi wucewa sai da na haɗa da ƙaiƙayin shinkafa. Sannan sitacin dawa ba ya narkewa sai a zafin da ya wuce wanda sinadaran tsiro suke iya jurewa, wato zafin da zai dafa sitacin shi ne zai kashe abin da zai mayar da shi sukari. Matan da suke dafa burukutu da fito sun warware wannan matsala tun kaka da kakanni: suna dama garin tsiron a ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa na ƙasan ya yi kauri, sannan su mayar da ruwan da suka ajiye a kai bayan ya ɗan huce. Da na bi hanyarsu da tukwane biyu da muciya, sai zaƙin ya fito, ma'aunin sukari ya tabbatar. An ƙera na'urar ne don sha'ir, kuma ilimin sarrafa dawa yana wurin matan da ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, abin da ya ƙara mini ganin girmansu ƙwarai.

Yanzu yawancin abin da nake ƙarawa na hannu ne. Da yawa sun shiga wannan sha'awa a lokacin kullen korona na 2020, daga baya suka daina, shi ya sa ake samun tuluna da tukwane masu kyau a eBay da Facebook a farashi mai sauƙi, kuma silba ba ta lalacewa, robobin bakin tulu kawai ake canzawa. Ina kuma ajiye yis daga dahuwa ɗaya in yi amfani da shi a ta gaba, sannan na koma dafa giya mai sauƙin ƙarfi da furen Ingila, wadda ba ta bukatar mazubi na musamman. Mu 'yan kaɗan ne a unguwarmu masu wannan sha'awa, mun haɗa kuɗi mun sayi injin ɓarza guda ɗaya da yake zagayawa gida-gida, muna kuma sayen tsiron sha'ir a buhu mai kilo 25 mu raba, wanda ya fi sayen kilo-kilo araha sosai. Dusar da ta rage bayan tacewa tana tafiya wurin wani maƙwabci mai kiwon kaji, shi kuma yakan aiko mana da ƙwai.